Yadda ake tafiya Umara da jariri da ƙananan yara

Wanda ya saba zuwa Umara shi kaɗai ya san yadda yake yi: ya sauka Jidda da dare, ya wuce Makka, ya yi ɗawafi da sa'ayi kafin Asuba, sannan ya nemi makwanci. Da goyo a baya, ko ɗan shekara uku a hannu, wannan tsari ba ya aiki. Yaro ba ruwansa da kuɗin da kuka biya, idan barci ya zo masa zai yi, idan yunwa ta kama shi kowa a sahu sai ya ji. Don haka tun daga gida ake gina tafiyar a kan ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikinku, manya su bi. Ga yadda ake yi.

Da farko, lokaci

Daga Yuni zuwa Satumba zafin Makka yakan wuce digiri 40, kuma jikin jariri ba ya jure zafi kamar na babba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi sauƙi. Hutun makaranta na Disamba ya faɗo a ciki, sai dai ba ku kaɗai kuka san haka ba, jama'a na yawa, otal kuma na tsada. Wanda yaransa ba su shiga makaranta ba, gara ya kauce wa makonni biyun ƙarshen shekara.

Goman ƙarshe na Ramadan kuwa, a ganina ba lokacin zuwa da ƙananan yara ba ne. Falalar tana nan, amma cunkoson ya fi ƙarfin yaro, uwa kuma ga azumi ga shayarwa. Hajji ma ba ya cikin wannan magana, domin a Hajjin 2025 Saudiyya ta hana zuwa da ƙananan yara saboda wannan dalili na cunkoso.

Shekarun yaro ma abin dubawa ne. Jaririn da bai fara rarrafe ba ya fi kowa sauƙin tafiya: nono, barci, goyo, shi ke nan. Wanda ya fi wahala shi ne ɗan shekara ɗaya zuwa uku, ya iya gudu amma bai iya faɗin sunan babansa ba. Kamfanonin jirgi da yawa na karɓar jariri tun yana da mako ɗaya ko biyu, amma karɓar jirgi daban, dacewa daban. A bari ya samu alluransa na farko, na mako 6 da 10 da 14, kafin a shiga da shi taron da ya haɗa mutanen duniya.

Takardu

Kowane yaro da fasfonsa, ko da jiya aka yi sunansa. An daina rubuta yaro a cikin fasfon uwa. A Najeriya abu uku ne ke bin juna, kuma ba a tsallake ɗaya: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da ita za a yi wa yaron lambar NIN a ƙarƙashin ta uwa ko uba, sannan a nemi fasfo a Hukumar Shige da Fice, tare da takardar amincewar iyaye. Fasfon yaro na shekara 5 ne, na shekara 10 sai wanda ya kai 18. Dole a je da yaron ofis don a ɗauki hotonsa.

Inda mutane suka fi samun cikas shi ne rubutun suna. A takardar haihuwa Muhammad, a NIN Mohammed, a tikiti Muhammed. Harafi ɗaya na iya tsayar da fasfo makonni. Ku zaɓi rubutu ɗaya da jerin suna ɗaya tun daga takardar haihuwa, ku bi shi har tikiti. Ku kuma duba fasfonku na manya, ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare.

Biza ma kowa da tasa, har jariri, kuma ta hannun kamfanin jirgin yawo mai lasisi ake nema. Bizar Umara na zuwa da inshorar lafiya, ku tambayi ejan ya nuna muku shaidarta. Idan uwa ce za ta tafi da yara ba tare da uba ba, ko kaka ce za ta tafi da jika, a riƙe takardar amincewa da sa hannun iyaye, da kwafin fasfonsu ko katin shaidarsu. Jami'an shige da fice suna tambaya, kuma suna da dalili, saboda safarar yara. Duk waɗannan takardu a ɗauki hotonsu a wayar uwa da ta uba.

A fara wannan aƙalla wata uku kafin tafiya.

Rigakafi

Abu uku Saudiyya ke nema daga masu zuwa daga ƙasashenmu. Allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, wato ACWY, ga duk wanda ya kai shekara 1, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Kada ku ruɗe da ta sanƙarau da ake yi wa yara a wata 9, wannan ta nau'in A kaɗai ce. Sai allurar zazzaɓin shawara ga wanda ya wuce wata 9, wadda ake rubutawa a katin nan mai ruwan ɗorawa. Ita ma sai bayan kwana 10 take fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ake yinta a rayuwa. Na uku shi ne rigakafin shan inna, wanda ake so a yi shi da aƙalla mako 4 kafin tafiya.

Wani zai ce muku akwai mai yin kati ba tare da allura ba. Katin bogi zai iya wuce jami'i a filin jirgi, amma sanƙarau ba ya karanta kati. Ku kai yaron a yi masa.

A wannan zuwan asibitin ne za ku tabbatar an yi masa ta ƙyanda idan ya kai wata 9, domin ƙyanda ba ta da wurin yaɗuwa kamar taro. Yaro mai sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ko wanda aka haifa bakwaini, sai likitansa ya ce a tafi, ya kuma rubuta takardar da ke bayanin ciwon da magungunan da yake sha.

Tikiti, da hanyar da za a bi

Yaron da bai kai shekara 2 ba ba shi da kujera, a cinya yake tafiya, kuma yawanci kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa. Daga shekara 2 zuwa 11 yana da kujerarsa, da ɗan rangwame. Babba ɗaya jariri ɗaya ake yarda ya riƙe, don haka mai tagwaye sai da mataimaki. Idan yaro zai cika shekara 2 kuna can, ku faɗa wa ejan tun farko, domin a dawowa sai an saya masa kujera.

Jirgin da ya tashi daga Kano kai tsaye zuwa Jidda awa 4 da rabi ne zuwa 5. Na ratse, ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, wani lokaci ya fi araha, amma ku lissafa awannin jira da yaro a filin jirgin da ba ku sani ba, ku ga ko rarar kuɗin ta kai. Idan ratsen ya zama dole, a nemi mai jiran awa 2 zuwa 4. Ƙasa da haka za ku yi ta gudu da goyo, sama da haka kowa zai galabaita.

Shawarar da ta fi kowace amfani a nan ita ce ku fara da Madina. Wanda ya nufi Makka daga Jidda dole ya shiga ihrami tun a jirgi, kafin a wuce miƙati, sannan ya sauka da gajiya ga Umara na jiransa. Wanda ya fara da Madina kuwa da kayansa na gida zai sauka, yara su huta kwana uku ko huɗu, su saba da yanayi da abinci, sannan a ɗaura ihrami a Zul-Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, cikin natsuwa.

Da zarar an yanki tikiti a nemi gadon jariri da ake maƙalawa a bangon gaban kujerun farko. Kaɗan ne a kowane jirgi, wanda ya riga nema shi ke samu, kuma yana ɗaukar jaririn da bai wuce kilo 10 ko 11 ba. A kuma tabbatar an haɗa kujerun iyalin wuri ɗaya.

Masauki

Idan za a ƙara kuɗi a wuri ɗaya, a nan ne. Otal mai kyau a Aziziyya ko Kudai, wanda sai an hau bas, bai kai ɗaki mai sauƙin kaya da ake takowa daga Harami a minti goma ba. Yaro zai ɓata jikinsa ana saura minti ashirin a yi Azahar, sai an koma ɗaki. Ku tambayi ejan sunan otal ɗin, ku duba shi da kanku a taswirar waya, kada ku tsaya ga "kusa da Harami ne". Ku duba tudu kuma: wasu otal na Ajyad kusa suke a ido amma hawa ne, alhali titin Ibrahim Khalil zuwa Misfala shimfiɗe yake. A Madina unguwar Markaziyya ce ke kewaye da masallaci, kuma uwa za ta ji daɗi idan otal ɗin na ɓangaren ƙofofin mata. Ɗaki ya kasance da firij da butar dafa ruwa. Soket ɗin Saudiyya irin na Najeriya ne mai baki uku, mutanen Nijar ne za su nemi mahaɗi.

Haɗa kaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika akwati da famfas. Ana sayar da shi a kowane lungu na Makka da Madina, a kantuna irin su Bin Dawood da shagunan magani na Nahdi. Na kwana biyu ko uku ya isa. Abin da za a ɗauko daga gida isasshe shi ne abin da cikin yaro ya saba da shi: madarar gwangwanin da yake sha, garin kununsa, ɗan abin taunawarsa. Sauya madara a tsakiyar tafiya kan jawo gudawa ko ƙin ci.

Jakar hannu ita ce rayuwarku daga gida har otal, kuma akwati na iya makara. A cikinta a sa famfas da ya ninka abin da kuke zato, tishu mai danshi, kayan canji biyu na yaro, riga ɗaya ta uwa saboda amai ba ya zaɓen wuri, ledoji na ƙunshe ƙazanta, ƙaramin bargo, bulumboti, da magunguna. Dokar da ta hana shiga jirgi da ruwa fiye da mililita 100 ta yi sassauci ga madara da abincin jarirai, ku dai fito da su a wurin bincike a gani.

Magunguna ba su da yawa: farasitamol na yara da ma'auninsa, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, ruwan gishirin ɗiga wa hanci, da man shafawa na kurjin famfas. Kowanne a cikin kwalinsa. Kada a ba yaro maganin mura don ya yi barci a jirgi. Irin su Phenergan an hana ba wa wanda bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi, wasu yaran ma maimakon barci sai su birkice.

Sai zanen goyo da majanyi. Keken jarirai na da amfani a filin jirgi da harabar Madina, amma a cikin taron Makka babu kamar bayan uwa ko ƙirjin uba. Idan za a tafi da keke, a nemi mara nauyi mai naɗewa. Ana barin ku tura shi har bakin jirgi, a nan za a karɓa.

Goro, tramadol, maganin tari mai kodin, duk a bar su. Kuma kada a karɓi saƙon kowa, ko leda ɗaya ce, in ba an buɗe an ga abin da ke ciki ba. Mai goyo ake so a ɗora wa irin wannan don ana ganin ba za a zarge ta ba, kuma hukuncin miyagun ƙwayoyi a Saudiyya na iya kaiwa ga kisa.

Ranar tafiya

A isa filin jirgi awa 3 zuwa 4 kafin tashi. Fasfo duka a hannun mutum ɗaya. Kafin a kira shiga, a sauya wa jariri famfas, a bar masu tafiya su zazzagaya su rage ƙarfi. Idan ku biyu ne, ɗaya ya riga shiga da jakunkuna ya gyara wuri, ɗayan ya tsaya da yara su shiga a ƙarshe, domin kowane minti da yaro ya zauna a jirgin da bai tashi ba daga haƙurinsa ake cirewa.

Kukan da jarirai ke yi lokacin tashi da sauka ciwon kunne ne, saboda sauyin matsin iska, kuma na sauka ya fi tsanani. Maganinsa haɗiya. A ɗan ja lokacin shayarwa yadda zai kama nono daidai lokacin da jirgi ya ɗaga, haka kuma idan ya fara gangarowa, kusan rabin awa kafin sauka. Manyan yara a ba su ruwa su riƙa kurɓa, ko abin tsotsa. Ma'aikatan jirgi za su ba ku ƙaramin bel na jariri da ake haɗawa da na uwa. In ya yi kuka duk da haka, a tashi a ɗan taka da shi idan an kashe fitilar bel. Masu harara za su manta da ku kafin su kai wurin ɗaukar kaya.

Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa 2, ba wani rikicin barci ba ne.

Daga Madina zuwa Makka

A Madina a sassauta. Harabar masallacin na da faɗi da inuwar manyan lemomi, yara na iya takawa. A lokacin sanyi Asubar Madina na da sanyi sosai, a tanadi rigar sanyi da hula. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, maza da mata lokacinsu daban, wanda ya zo muku daidai: ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe yara. Ziyarar Ƙuba da Uhudu a yi ta da sassafe.

Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cin kilomita 450 da ke tsakanin biranen biyu a kusan awa 2 da rabi, mota kuwa awa 5 zuwa 6. Akwai banɗaki, akwai wurin takawa. Sai dai yana da iyaka a kan kaya, don haka manyan akwatuna su bi motar ayari. A yi wanka a sa tufafin ihrami tun a otal, a yi niyya a miƙati.

Umarar kanta

Shin yaro zai yi ihrami? Ya halatta, kuma akwai lada. Muslim ya ruwaito cewa wata mata ta ɗaga yaro ta tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko wannan yana da Hajji, ya ce eh, ke kuma kina da lada. Amma ba wajibi ba ne, kuma wanda ya shigar da yaro ihrami ya ɗauki nauyin kammala masa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ɗauki yaro ya yi ɗawafi ɗaya da niyyar kansa da ta yaron, bai isar wa kowa a cikinsu ba, sai ya yi nasa sannan ya yi na yaron, amma sa'ayi ɗaya na isar musu su biyun. Ɗawafi biyu ke nan a jere. Ku zauna da malaminku kafin tafiya ku yanke shawara. Ga jariri da ɗan yaye, da yawa sukan ɗauke su kawai ba tare da ihrami ba, kuma babu laifi.

Kada a shiga Harami da isowa. A sauka, a ci abinci, yara su yi barci. Lokutan da jama'a ke raguwa su ne bayan tsakar dare da kuma hantsi, amma hantsi akwai rana a filin ɗawafi. Hanya mafi sauƙi ita ce karɓa-karɓa: uba ya je ya yi tasa ya dawo, sannan ya raka uwa yana riƙe da yara, ko ta tafi da matan ayari shi ya zauna a ɗaki. Idan akwai kaka ko ƙanwar uwa a tafiyar, an huta.

Askarawa, wato jami'an tsaron Harami, ba sa barin keken jarirai ya sauka filin da ke kewaye da Ka'aba, sai a benaye. A sama zagayen ya fi tsawo sosai, amma akwai sarari da inuwa, kuma babu turereniya. Da yaro a jiki a manta da Hajarul Aswad da Multazam, a yi nuni daga nesa. Sa'ayi sau 7 ne tsakanin Safa da Marwa, jimilla kusan kilomita 3, a cikin sanyin na'ura, kuma babu laifi a tsaya a shayar ko a huta a ci gaba daga inda aka tsaya. Daf da shiga a sa wa yaro sabon famfas, saboda ɗaukar najasa a sallah da ɗawafi, kuma banɗakuna a waje suke, a harabar masallaci.

Ga salloli biyar, ba dole kowa ya samu kowace a cikin Harami ba. Ana rufe ƙofofi idan ciki ya cika, za ku ga alamar ja a samansu. Mai yara ya zauna a gefe kusa da mafita, idan an sallame ya dakata minti goma sha biyar taro ya watse.

Ɓacewa da rashin lafiya

A ƙofar Sarki Abdul'aziz da ta Sarki Fahad ana ba da abin ɗaurawa a hannun yara, a rubuta sunan yaro da lambar wayar mai kula da shi. Ku karɓa tun ranar farko, kuma lambar ta zama layin Saudiyya da ke aiki. A sa katin otal a aljihun yaron. Kowace safiya a ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa, kuma a sa masa launi mai ɗaukar ido, domin a cikin fararen kaya da baƙaƙen abayoyi ja ko ruwan lemo ake hangowa. Wanda ya yi wayo a koya masa: in ba ka gan mu ba ka tsaya inda kake, ka nuna wa jami'in tsaro abin da aka ɗaura maka a hannu. Sannan ku manya ku riƙa faɗa da baki wa ke riƙe da wa. Yawancin yaran da ke ɓacewa, uwa ta ɗauka yana wurin uba ne, uba ya ɗauka yana wurin uwa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai zai sha, ba a ba shi ruwa, har Zamzam. Uwa ta sha, ta yawaita ba shi nono. Manya-manyan yara a riƙa tuna musu shan ruwa, a ba su daga tulun Zamzam da aka rubuta wa "ba mai sanyi ba". Idan fitsari ya ragu, baki ya bushe, yaro ya yi laushi, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa, a fara ORS a nemi asibiti. Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba ba a jira da shi. Lambar motar asibiti 997 ce, 937 kuma ta neman shawarar likita. Ku faɗa wa likitan daga inda kuka fito, domin zazzaɓin cizon sauro na iya biyo yaro daga gida ya bayyana a can, su kuma ba shi suke fara zato ba. Idan an je yawon bayan gari, kada yara su kusanci raƙuma ko su sha ɗanyen nononsu, saboda cutar numfashi ta MERS.

Tuwo da miyar da matanmu ke sayarwa a wajen Misfala na ceton yaron da ya ƙi shinkafar Larabawa. A saya da zafinsa, a ci a lokacin.

Dawowa

A gama sayen tsaraba da awon kaya saura kwana biyu, ranar ƙarshe ta zama ta hutu. Zamzam a filin jirgi ake saye, galan mai lita 5 ga mai bizar Umara, ba a sa shi cikin akwati. Jakar hannu a sake cika ta kamar ranar zuwa, domin jiran filin jirgin Jidda yakan yi tsawo. Tari da mura kusan kowa na dawowa da su. Idan na yaro ya zo da zazzaɓi ko saurin numfashi a cikin mako biyun farko, a kai shi asibiti, a kuma faɗa musu ranar da kuka sauka.